Tambaya da Amsa: Wace Fedar Saita Jita Ta Dace da Filin Biki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam, tare da fatan kana lafiya. Ni matashi ne mai kaɗa jitar lantarki a wata ƙungiya a nan Agadez, kuma yawancin wasanninmu na biki ne, a fili, wani lokaci tun la'asar rana na dukanmu har tsakar dare. Shekara uku ke nan ina amfani da 'yar na'urar saiti da ake maƙalawa a kan jita. A cikin ɗaki tana aiki lafiya lau, amma da zarar mai ganga da mai bes, wato jita mai kaurin murya, sun fara sai allurarta ta dinga rawa, dole in koma saitawa da kunne, lasifika a buɗe, jama'a suna jin ina murɗa tsirkiya. Yanzu na tara kuɗi, kuma wani yayana zai sayo mini ta ƙasa, wadda ake takawa. An ambata mini Boss TU-3 da PolyTune 3 da Korg Pitchblack, wani kuma ya ce in ƙara kuɗi in sayi Peterson domin ta fi kowace daidai. Wacce za ka ba ni shawara? Daga mai karatunka na kullum a Agadez.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Na gode da wannan wasiƙa, musamman da ka bayyana inda kake wasa da irin abin da ke damunka, domin shawarar da zan ba mai kiɗa a ɗakin ɗaukar sauti ba ita zan ba ka ba.

Na'urar da ke hannunka ba lalacewa ta yi ba. Irin wadda ake maƙalawa ba ta sauraron wutar da ke fita daga jita, girgizar katako take ji. A ɗaki babu abin da ke girgiza katakon sai tsirkiyar da ka taɓa, amma a filin biki rugugin bes da bugun babbar ganga suna ratsa jikin jitar har zuwa kanta, sai na'urar ta rasa sautin da za ta bi. Fedar ƙasa kuwa daga waya take karatu, don haka ko lasifika tana tsaga kunne a bayanka, ba ta san ana yi ba. Wannan shi ne amfaninta na farko. Na biyu ya fi shi muhimmanci a wurina: idan ka taka ta, tana yanke sautinka daga amfilifaya baki ɗaya, ka saita a cikin shiru, ka sake takawa ka dawo. Mai kiɗan da ke murɗa tsirkiya jama'a suna ji yana kashe zafin wasan da shi da kansa ya ɗauki minti goma yana hurawa, kuma masu rawa ba sa jira. Da sun ji an tsaya neman sauti sai fili ya fara watsewa. Shirun nan kuma zai yi maka amfani lokacin da kake son zare waya ka sauya jita, ba tare da ƙarar nan mai firgita yara ta fita a lasifika ba.

Yanzu ga maganar wanda ya ce Peterson ta fi kowace daidai. Yana da hujja idan da TU-3 aka gwada ta, sai dai hujjar ba ta shafi halin da kake ciki ba. Masu ƙera waɗannan na'urori suna auna daidaito da wani ma'auni da ake kira sent, kuma tazarar da ke tsakanin ƙarfe ɗaya da na gaba a wuyan jita sent 100 ce. Kamfanin Boss na Japan ya ce TU-3 ba ta wuce kuskuren sent 1, alhali TU-2 da ta gada, wadda ta fito a 1998 kuma ta yi shekaru a ƙarƙashin ƙafar manyan makaɗa, kuskurenta yana kaiwa sent 3. StroboStomp HD ta Peterson, kamfanin da ke jihar Illinois a Amurka, tana auna kashi ɗaya cikin goma na sent, PolyTune 3 kuma a ɗaya daga hanyoyin nuninta ta sauka har 0.02. Lambobin suna da burgewa a jikin kwali. Amma kunnen yawancin mutane ba ya fara rarrabe sauti biyu da aka buga ɗaya bayan ɗaya sai bambancinsu ya kai wajen sent 5, sannan yatsanka kaɗai, idan ka danna tsirkiya da ƙarfi kaɗan fiye da ɗazu, yana ɗaga sautin fiye da sent ɗaya. Tsirkiyar ita kanta, a lokacin da aka buge ta, sautinta yana ɗan hawa sama kafin ya sauko ya zauna. Ke nan abin da za ka biya kuɗi a kansa zai ɓace a bugun farko. Irin wannan tsananin daidaito na mai gyaran jita ne da ke zaune a kan benci yana daidaita tsawon tsirkiyoyi, ko wanda ke ɗaukar sauti sau da yawa yana ɗora wani a kan wani. Akwai ma wani abu: nunin da ake kira sitirob, wanda fitilunsa ke zagayawa har sai sauti ya daidaita su tsaya, yana nuna kowane ɗan motsi, kuma wanda bai saba da shi ba zai iya ɓata rabin minti yana bin abin da babu wanda zai ji, alhali tsakanin waƙa da waƙa daƙiƙa goma yake da su.

Abin da nake so ka fi dubawa shi ne ko za ka iya ganin fuskar fedar. Ka ce kuna farawa tun la'asar, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a rairayi da rana ya leƙa ƙasa yana neman 'yar fitila ja ya san abin da nake nufi: fuskar takan zama baƙi ƙirin, sai mutum ya durƙusa ya yi mata inuwa da tafin hannu. TU-3 tana da jerin fitilu 21 da kuma hanyar ƙara musu haske da aka yi musamman domin wasa a waje. PolyTune tana da wani ɗan ido mai auna hasken wuri, wanda ke ƙara ko rage hasken fuskarta da kansa. Fuskar Pitchblack babba ce, harafin sautin yana fitowa ɓaro-ɓaro, kuma da dare ban ga abin kushewa a cikinta ba. Idan da hali, ka roƙi yayanka ya sa mai shago ya kunna fedar, ya fita da ita ƙofar shago da rana tsaka, ya ajiye ta a ƙasa, ya tsaya a miƙe ya duba. Gwajin minti biyu ne, kuma ya fi duk abin da aka rubuta a takardar da ke cikin kwali.

PolyTune, wadda kamfanin TC Electronic na ƙasar Denmark ya fara fitarwa a 2010, ta zo da wata dabara da ta cancanci a yaba mata. Idan ka share tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, tana nuna maka su duka a lokaci guda, ka ga wadda ta sauka da wadda ta hau. A tsakiyar wasa wannan yana da daɗi, domin a bugu ɗaya za ka gane cewa ta uku ce kaɗai ta zame, ba sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Iyakarta ita ce wannan hanya ta fi aiki a kan saitin da aka saba da shi da wasu 'yan kaɗan da aka tanada mata. Idan kuna da waƙoƙin da kuke sauke tsirkiya ko ɗaga ta ta hanyar da ku kuka ƙirƙira, za ka koma bin su ɗaya ɗaya kamar a kowace feda. Shi ya sa sharaɗin da ba zan sassauta ba shi ne fedar ta kasance mai gane kowane sauti cikin sautuka sha biyu na kiɗa, abin da ake kira kuromatik, kuma duka huɗun da ka ambata sun cika wannan sharaɗi.

Sai batun waya, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi sai sun ji jitarsu ta dushe. Wutar da maganaɗisun jita ke fitarwa rarrauna ce, kuma doguwar waya tana shanye kaifin sautin. Daga wajen mita shida zuwa sama kunne yana fara jin cewa ƙarar ta yi nauyi, kamar an rufa wa lasifika bargo. Feda iri biyu ce ta wannan fuska. Akwai wadda idan an kashe ta sautin ke wucewa kai tsaye ba tare da ya taɓa komai a cikinta ba, kamar Pitchblack ta farko. Akwai kuma wadda ke da wani ɗan da'irar lantarki da ake kira bafa, mai ƙarfafa wutar ta yadda za ta yi doguwar tafiya ba ta rasa kaifinta ba, kuma TU-3 haka take. An daɗe ana tallata ta farkon kamar ita ce tsabta, har wasu suka ɗauka bafa aibi ce. A filin biki, inda amfilifaya takan kasance can kusa da inda aka jawo wuta, kai kuma kana son ka shiga cikin masu rawa, bafa abokiyarka ce. PolyTune 3 ta 2017 da Pitchblack X da StroboStomp HD duk suna ba ka zaɓi tsakanin hanyoyin biyu, haka ma TU-3W, wadda ta fi TU-3 tsada. Ka sa fedar saiti ta zama ta farko bayan jita, domin ta samu sautin da ba a cakuɗa ba. Togiya ɗaya ce na sani: tsofaffin fedojin nan masu yamutsa sauti irin Fuzz Face sun fi son su ji jita kai tsaye, don haka idan kana da irinsu, su za ka sa a gaba.

Ina roƙonka ka karanta abin da zan faɗa game da wuta da kyau, domin a nan ne na fi ganin ana asarar kuɗi. Waɗannan fedoji bolt 9 suke ci, kuma a bakin adaftarsu tsakiyar ita ce nagatif (−), wato akasin yawancin adaftocin da ke gidajenmu. Adaftar dikoda ko ta na'urar intanet bakinta yana shiga daram, amma sau da yawa bolt 12 ce kuma juyayyiya, tana iya ƙona feda nan take. Idan kuma daga Amurka aka sayo, a duba ko adaftar tana karɓar wuta daga 100 zuwa 240, domin wadda aka yi wa 120 kaɗai ba za ta jure wutarmu mai 220 zuwa sama ba. Tun da da injin wuta kuke wasa a wurare da yawa, ka zaɓi feda mai gurbin batir, domin wasu ƙananan, irin su PolyTune 3 Mini, ba su da shi. Ka sani kuma muddin waya tana soke a ƙofar shiga, batir yana ci ko da fedar a kashe take, don haka ka zare ta da an tashi, sannan ƙarin hasken TU-3 yana cin batir fiye da ninki biyu. Ka riƙe sabon batir ɗaya a aljihun jaka koyaushe.

Shawarata ita ce ka sayi TU-3. Jikinta ƙarfe ne mai kauri, matakinta faffaɗa ne da ƙafa ke samu ko a duhu, gefen fuskarta yana da kariya daga takalmi, kuma idan wata rana ka ƙara fedoji tana iya raba musu wuta daga adafta ɗaya. Idan ba a same ta ba, ko kuma kana ganin duba tsirkiya shida a bugu ɗaya zai fi sauƙaƙa maka, PolyTune 3 babba ba za ta ba ka kunya ba. Ragowar kuɗin da za ka ƙara wa Peterson ka sayi waya mai kyau da fakitin tsirkiya biyu ko uku. Kowacce ka samu, ƙura ce babbar abokiyar gabarta, don haka ka sa ta a jaka mai rufi bayan wasa, kuma kada ka bar ta a rairayi ƙofofinta a buɗe. Kada kuma ka yar da 'yar maƙalalliyar, za ta yi maka amfani a gida da kuma kafin a kunna inji.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni nake kaɗa bes mai tsirkiya biyar a ƙungiyar mawaƙan majami'armu a Jos. Muna da fedar saiti, amma tana jinkiri sosai a kan tsirkiya mafi kauri. Sannan makonni biyu ke nan ni da mai jita muna saɓa wa mai fiyano, alhali feda tana nuna mana kore. Ko ta lalace ne?

Amsa: Ina amsawa, kuma ina ganin fedarku lafiyarta ƙalau. Matsala biyu ce daban-daban.

Tsirkiyarka ta biyar tana girgiza kusan sau 31 ne kawai a daƙiƙa, alhali mafi kaurin tsirkiyar jita tana yin sau 82, mafi sirinta kuma kusan sau 330. Feda tana buƙatar ta ƙirga zagaye da dama kafin ta yanke hukunci, saboda haka dole ta fi daɗewa a kan sautin da ke tafiya a hankali. Maganin mai sauƙi ne: ka ɗora yatsa a kan tsirkiyar daidai saman ƙarfe na 12 ba tare da ka danna ba, ka buga, ka ɗage yatsan. Sautin da zai fito ninki biyu ne na ainihin, kuma feda za ta kama shi da sauri. Ka tabbata sauran tsirkiyoyin suna shiru a ƙarƙashin tafinka.

Ta biyun kuwa na taɓa ganin irinta da idona a wani taro. An gama saiti tsaf, mai jita ya buga sautin farko tare da fiyano, sai muka ji wani kaɗawa a cikin sautin kamar ana girgiza ruwa a kwano. Aka sauya tsirkiya, aka sauya waya, aka zargi mai fiyano, sai daga baya wani yaro ya durƙusa ya danna ɗan maɓallin da ke jikin fedar, lamba ta fito: 445. Wani abu ne ya danne maɓallin a cikin jaka. Ma'aunin da duniya ta yi ittifaƙi a kai shi ne sautin A ya kasance girgiza 440 a daƙiƙa, wanda aka amince da shi a wani taro a Landan a 1939, kuma da shi kusan kowace fiyanon lantarki ke fitowa daga masana'anta. Fedoji suna barin mutum ya matsar da wannan lamba, a TU-3 daga 436 zuwa 445, kuma tazarar 440 da 445 ta kusa sent 20, wadda ko wanda bai san kiɗa ba zai ji ta. Feda za ta ci gaba da nuna kore da gaskiyarta, domin kun yi daidai da lambar da aka ba ta. Ku duba wannan lamba, ku kuma duba ko an kunna hanyar sauke saiti da rabin mataki. Idan duka suna daidai, to mai fiyano ya duba nasa maɓallan, domin ita ma tana da wurin matsar da saiti, kuma wasu ba sa komawa yadda suke ko an kashe su.

Tambaya: Na saita kowace tsirkiya daidai, amma idan na haɗa sautuka a can ƙasan wuya, ko na maƙala kafo, abin nan da ke danne duka tsirkiyoyi a gurbi ɗaya, sai in ji babu daɗi. Feda mai tsada za ta magance wannan? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Ba za ta magance ba, 'yar'uwa, domin laifin yana jikin jitar, amma fedar da kike da ita za ta nuna miki inda yake. Ki saita tsirkiya a sake, sannan ki danna ta a ƙarfe na 12 ki duba. Ya kamata feda ta nuna harafi iri ɗaya kuma a tsakiya. Idan ta nuna ya haura, tsirkiyar ta yi gajarta, sai a ja ɗan ƙarfen da take kwance a kansa a gindin jita baya kaɗan. Idan ya gaza, a matso da shi gaba. A jitar lantarki ƙaramin sukudireba ya isa, a jitar katako kuwa aikin mai gyara ne. Kada ki yi wannan gwaji da tsofaffin tsirkiyoyi, domin tsatsa da dauɗar hannu suna sa su yi ƙarya.

Kafo yana danna tsirkiyoyi fiye da yadda yatsa ke yi, sai ya ɗaga sautinsu, musamman masu kauri. Ki maƙala shi dab da bayan ƙarfe, ba a tsakiyar gurbi ba, sannan ki sake duba saiti bayan kin maƙala. Ki riƙa hawa zuwa sauti daga ƙasa: idan kin zarce, ki sassauta ki sauko ƙasa da shi, sannan ki sake hawowa, domin tsirkiyar da aka sassauta kawai takan ƙara zamewa da an fara kiɗa. Idan kina jin ƙas lokacin da kike murɗawa, tsirkiyar tana maƙalewa ne a tsagar da ke saman wuya, kuma goga bakin fensir a cikin tsagar yana sa ta zame lafiya. Idan hunturu ya gabato ki ƙara sa ido, domin bushewar iska tana tsuke katako, wuyan jita ya motsa, saitin da ya zauna a damina ya tashi. Kada ki jingine ta inda rana ke bugawa, kuma idan kin fito da ita daga ɗaki mai sanyi zuwa waje, ki ba ta minti goma ta saba da wurin kafin ki saita.

Akwai ragowar abin da babu gyaran da zai kawar. An raba ƙarafan wuyan jita ne ta yadda sautuka sha biyu za su yi tazara iri ɗaya, domin a iya kiɗa daga kowane mataki, kuma farashin wannan shi ne wasu haɗe-haɗen ba sa zama tsaf yadda kunne ke so. Tazarar da ke tsakanin tsirkiya ta uku da ta biyu, misali, ta fi yadda kunne ke nema faɗi da kusan sent 14, shi ya sa mutane da yawa suke ta murɗa ta biyun suna zargin na'ura. Wasu fedoji, irin na Peterson, suna da saitin da ke ɗan karkatar da wasu tsirkiyoyi domin rage wannan, kuma yana taimakawa idan ke kaɗai kike kiɗa. Idan kuwa tare da fiyano ne, ki bar kowace tsirkiya inda feda ta ce, domin fiyanon ma a kan wannan rabon aka gina ta.